Mota Mai Kunne

Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn nan da ta rubuto cewa in rage yanga in karɓi Abang Helmi tun kafin wata ta yi wuf da shi. 'Yar'uwa, na gode da shawara. Ki daure ki karanta na yau har ƙarshe, sannan ki sake rubuto mini.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Izzati, a gida Zati, ina aiki a wani kantin magani a birnin Ipoh, ƙasar Malesiya. Abang Helmi shi ne mutumin da danginsa suka zo tambayar aurena, suka sha shayi, suka bar zobe a kan faranti. A wurinmu, in yarinya ta riƙe zoben nan ta amince ke nan, in kuma ta mayar, magana ta mutu ba wanda ya ji kunya. Ni ban mayar ba, ban kuma ce na riƙe ba. Na dai zura shi a yatsa don Mak, mahaifiyata, ta bar ni in sha iska. Aka tsayar ranar Lahadi zan ba da amsa.

Kada ku ɗauka ba na son sa. Wallahi ina son sa. Mutum ne mai sanyin murya, bai taɓa shigowa gidanmu hannu rabbana ba, kuma ya fi ni tuna ranar da maganin gwiwar Abah, mahaifina, zai ƙare. Tun rasuwar yayata, Kak Fina, dariya ta ƙaura daga gidanmu. Shi ne ya dawo da ita.

Ranar Lahadin, ina idar da sallar asuba saƙonsa ya shigo.

"Assalamu alaikum Zati. Yau ne baje kolin tsofaffin motocin Ingila da na gaya miki. Ki sa kaya masu ruwan madara, za su dace da motar."

Na ce a raina, ni mutum ce ko labulen falo? Amma na sa ɗin. Baju kurung ɗina, doguwar rigarmu ta gargajiya, mai ruwan madara, mai ƙananan furanni a bakin hannu, da mayafi ruwan zuma wanda Mak ta goge har sau biyu. Ina cikin soka allurar mayafi Mak Ngah, ƙanwar Mak, ta faɗo ɗakin ba sallama, turarenta ya riga ta shigowa.

"Mu ga hannun." Ta fisgi yatsana. "Yawwa, yana nan. Ai na zata kin jefa shi a kwata."

"Mak Ngah, ina kwana."

"Kwanan ke nan in kin ce to. Ke shekara nawa kike so ki kai? Mutum ga kamfanin gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ga gida a unguwar Meru, ga sallah a kan lokaci. Me kike jira, mala'ika?"

Mak kuwa ta matso kusa da ni. Ta gyara mini wuyan riga, idonta ya ciko, ta juya baya. Hakan ya fi mini duk surutun Mak Ngah ciwo. Abah yana kan kujerarsa a baranda, ƙafa a miƙe, ya ce shi gwiwarsa ba za ta iya yawon kallon ƙarfe ba. Na sumbaci hannunsa, ya riƙe nawa ɗan jim kafin ya saki.

"Kada kowa ya amsa a madadinki," ya ce ƙasa-ƙasa.

Sai muka ji wani hon mai kama da kukan agwagwa a ƙofar gida.

Duk zuwan da Abang Helmi yake yi, da farar motarsa ta zamani yake zuwa. Wannan ban taɓa ganinta ba, kullum cewa yake tana wurin gyara. Wata 'yar Morris ce kumburarriya, mai ruwan madara, tana sheƙi har mutum na ganin haƙoransa a jikinta. Yaran maƙwabta suka yanyame ta. Ya fito cikin farar riga da hular turawan da, ya buɗe wa su Mak baya, sannan ya zagayo ya buɗe mini gaba, ya jira na tattare rigata, ya rufe a hankali.

"Kin gani ko?" in ji Mak Ngah daga baya. "Ni mijina har ya koma ga Allah bai taɓa buɗe mini ko ƙofar firji ba."

Muka yi dariya, har da ni. Cikin motar na ƙamshin tsohuwar fata da man goge katako. Muka gangara zuwa bakin titi, ya taɓa wani ɗan maɓalli, sai na ji ƙas a gefen kafaɗata. Na waiwaya. Wani ɗan hannu siriri mai fitila ruwan lemo ya fito daga jikin motar, ya miƙe tsaye a gefe. Muna gama shan kwana ya koma ya kwanta.

Mak Ngah ta tafa hannu. "La ilaha! Helmi, motarka kunne gare ta?"

"Siginar zamanin da ke nan, Mak Ngah. In za ta yi hagu ta ɗaga na hagu, in dama ta ɗaga na dama."

Gabana ya yanke ya faɗi.

Dole in tsaya a nan in gaya muku abin da ban taɓa rubutawa ba. Kak Fina ba ciwo ta yi ba. A wani tafkin tsohuwar haƙar kuza aka tsinci gawarta, can bayan gari, inda ko bas ba ta zuwa. Aka ce santsi ne ya kwashe ta. Wa ya kai ta wurin, ba wanda ya sani. Ni kaɗai na san tana da wani a ɓoye, kuma duk nacina ba ta taɓa faɗa mini sunansa ba. In na matsa sai ta ja mini hanci ta ce, "Mai kunne. Motarsa kunnuwa gare ta, Zati, in za ta yi kwana sai ta ɗaga ɗaya." Na ɗauka tsokanata take yi. Da na faɗa wa 'yan sanda, kallon yarinyar da baƙin ciki ya taɓa wa kai suka yi mini.

Na zauna a gaban motar nan ina lallashin zuciyata. Zati, ki nutsu. Mota irin wannan ba ita kaɗai ba ce a jiharmu ta Perak. Kuma ai shi da bakinsa ya ce bayan rasuwarta ya dawo Ipoh. Ranar da ya fara shiga falonmu ya ga hotonta a bango, sai da ya tambayi wace ce, ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a har Mak ta yi kuka.

"Kin yi shiru," ya ce, idonsa na kan hanya.

"Motar nake saurare."

"Tana son mai sauraro."

Shekara da shekaru a filin tsakiyar gari ake wannan baje koli. Bana aka mayar da shi wani sabon wurin shaƙatawa, Taman Seri Kelian, wanda ko a taswirar waya bai gama zama ba. Wayarsa na kan cinyata, ya ba ni in riƙe, saƙonnin 'yan ƙungiyarsu sai tsalle suke a fuskarta. Wannan ya ce ya ɓata, wancan ya ce ya tsinci kansa a gonar kwakwar manja, wani ya turo hoton akuya ya ce ita ce mai karɓar baƙi.

"Abang, ka taɓa zuwa wurin ne?"

"Ina fa. Kowa yau ne farkonsa."

Amma da muka zo inda aka kafa allo mai kibiya, bai bi kibiyar ba. Kunnen hagu ya tashi, muka faɗa wata 'yar hanyar jar ƙasa tsakanin dogayen ciyayi. Bai dubi waya ba, bai rage gudu don tunani ba. Akwai wani rami a bayan kwana wanda ba a hango shi sai an zo kansa, ya kauce masa tun kafin ya bayyana.

Muna fitowa daga ciyayin na ga dutsen. Farin dutse mai tsagewa a tsakiya, da ruwa kore shar a gindinsa, ko motsi ba ya yi. An shuka ciyawa, an kafa rumfuna, an sa wa wurin sabon suna, amma ba a canza dutse. A gindinsa na tsaya riƙe da hannun Abah ranar da aka fito da Kak Fina. Mak ba ta je ba a ranar, ba ta san wurin ba. Ina jin ta a baya tana cewa, "Kai, masha Allah, ruwan nan da kyau yake."

Ya faka a layin da aka nuna masa. Ni dai so nake in fita in shaƙi iska. Na kai hannu zan buɗe ƙofa, hannuna ya shafi fata kawai. Inda mariƙin ya kamata ya kasance, ɗan guntun ƙarfe ne a tsaye. Mariƙin ɗaga gilashi ma haka.

"Yi haƙuri," ya ce yana murmushi. "Satin nan na cire su na kai a wanke musu ƙarfe. Bari in zagayo."

"Ka ji masu tarbiyya," in ji Mak Ngah.

In da a wata rana ce da na ji daɗin wurin. Motoci jere-jere a kan ciyawa, MG ja, Jaguar doguwa, ƙananan Mini kala-kala. Dattawa da gajeren wando da tsumma a hannu suna goge abin da ya riga ya gogu. Mai shela na ta roƙon a hana yara taɓa fenti. Ƙamshin tsiren satay da na fetur sun cakuɗe. Su Mak suka samu kujeru a rumfar abinci, Mak Ngah ta sa shinkafar kwakwa a gaba kamar ba ta karya ba. Sama kuwa ta fara haɗa hadari ta bayan dutsen.

Al'adar mutanen nan ita ce, in alƙalan gasa za su zagayo, sai kowa ya buɗe komai na motarsa. Murfin inji, but ɗin baya, ƙofofi, har ɗan akwatin gaba, ba a barin komai a rufe. Abang Helmi ya bubbuɗe nasa, ya ce in tsaya kusa da ita zai je ya karɓo lambar gasa.

Bai yi nisa ba wani dattijon Basine ya tsaya a gaban motar, da sanda da hular kaba, an rubuta Dr. Cheong a ƙirjinsa. Ni ko kallona bai yi ba. Ya sunkuya ya leƙa inji, ya shafa gefen fitila da bayan yatsa, ya yi dariya.

"Ayya, 'yar koriya! An yi miki wankan madara don kada in gane ki?" Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni. "Ah, ke ma kina nan! Ya jikin rigar? Cendol ɗin ya fita?"

"Ankal, ina jin ba ni ba ce."

"Ke ce mana. A garin Taiping, kin zubar da cendol, abin shan nan mai kwakwa, a rigarki, matata ta ba ki hankici. Ni fa ba na riƙe sunan mutum, amma in na ga mota na san wanda ke zama a cikinta." Ya leƙa ƙofar hagu ya girgiza kai. "Har yanzu bai sa mariƙin nan ba? Tun wancan lokacin kike mita. Wannan yaro! Shekara nawa ke nan?"

Kowa ya san ni da Kak Fina kamar an tsaga kara, in muka sa mayafi har Mak Ngah takan kira ni da sunanta.

"Ankal, a lokacin koriya ce motar?"

"Koriya shar, kalar ruwan can." Ya nuna tafkin da sandarsa. "Daga nan ya ɓace mana, ba shi ba motar. Muka ce ko aure ya ɓoye shi."

"Ankal Cheong!" Muryar Abang Helmi ce a bayana, ban ji zuwansa ba. Ya kama hannun dattijon da hannu biyu. "Tsufa dai, tsufa dai. Wannan Izzati ce, yau ta fara shiga motar. Ka haɗa ta da matar wani."

"To, to," in ji dattijon, yana dubana yana duban motar. "Wataƙila. Amma motar dai ita ce."

Abang Helmi ya rungumo kafaɗarsa, ya ja shi wajen wata Austin yana ba shi labari, har na ji suna dariya. Ni kuwa na zauna a bakin kujerar gaba. Ɗan akwatin na buɗe a gaban idona. Tsumma a ninke, ƙaramar tocila, sai wani abu a can ƙurya, a naɗe cikin farin hankici. Ban san abin da ya sa na jawo shi ba.

Ganyen pandan ne, ya bushe ya zama ruwan ƙasa. Kowa na sa pandan a mota don ƙamshi, ƙulli ɗaya ake yi masa a jefa a ƙarƙashin kujera. Wannan kuwa an saƙa shi ne, da kai da jela, siffar kifi. Kakarmu, mahaifiyar Abah, ita ke wannan saƙar. Ta yi ta fama ta koya mana, nawa kullum warwarewa yake, Kak Fina ce kaɗai ta iya. Kuma takan karya jelar gefe ɗaya, wai don kifinta ya fi na kaka yanga.

Jelar wannan a karye take gefe ɗaya.

Ban yi kuka ba. Tsoro ne ya cika ni, irin wanda ke sa yatsu su yi sanyi. Da ƙyar na ɗauki hotonsa, na mayar da shi yadda yake. Na tura wa Abah hoton, na ɗauki na dutsen na tura, na rubuta, "Abah, a motar Abang Helmi na gani." Alama ta nuna saƙon ya tafi, bai buɗe ba. Na san halinsa, wayar na kan firji, shi yana baranda yana gyangyaɗi. Na kira, ta yi ta ringi har ta katse.

Na zare zoben na dunƙule shi a tafin hannuna, na nufi rumfar abinci.

"Mak, mu tafi gida. Yanzu."

"Lafiya? Fuskarki ta yi fari."

"Kunya ce," in ji Mak Ngah da cikakken baki. "Ni ma haka na yi ranar tawa, har da amai."

"Mak, ki zo gefe in gaya miki magana."

Mak ta miƙe. Na dubi fuskarta, ta sha hoda, tana murmushin da na manta tana da shi. Ta yaya zan ce mata ruwan da take yaba kyansa shi ne ya ci 'yarta, a nan, a gaban masu cin satay? Na buɗe baki ke nan lasifika ta ɗauka. Saboda hadari, an ce, za a yi zagayen ban kwana yanzu. Kowace mota ta ɗauki mutum ɗaya, a bi juna a jere, a zagaya filin a dawo gaban rumfa.

Abang Helmi ya iso riƙe da wani ɗan kofin azurfa, ya zo na biyu. Ya miƙa wa Mak da hannu biyu, mutane suka tafa.

"Mak, a ba ni aron Zati na zagaye ɗaya."

"Ɗauke ta, ɗana."

"Mak, ni kaina ke ciwo."

"Zagaye ɗaya ne fa," in ji Mak Ngah, ta riga ta sa hannu a bayana tana turawa. "Ku samu ku yi maganarku ba mu a kai. Kada ki ba mu kunya a gaban jama'a."

Na san abin da za ku ce. Ni ma na faɗa wa kaina fiye da haka. Amma ku dubi abin da na duba a lokacin. Rana tsaka ce, motoci sun kai hamsin a jere, gaba mota, baya mota, ga Mak a tsaye tana ɗaga waya za ta ɗauke mu. Na ce me zai faru a cikin wannan taro? In mun dawo zan ajiye masa zobensa a gaban kowa, in ja Mak mu nemi tasi.

Ya buɗe mini, na shiga. Ya rufe a hankali.

Muka bi layi. Jaguar ɗin Ankal Cheong ce a gabanmu, yana ɗaga hularsa ta taga. Ana ta hon, yara na bin mu da gudu. Sai yayyafi ya sauko, manya-manyan ɗigo, 'yan kallo suka watse zuwa rumfuna. Kafin mu kai ƙarshen filin ruwa ya ɓarke, har Jaguar ɗin ta zama inuwa kawai.

Wayata ta yi motsi a cinyata. Abah ne.

"KADA KI SHIGA MOTAR. Gani nan."

Na kife ta. Abang Helmi bai dubi wayar ba. Hannuna yake kallo, yatsan da babu komai a kansa, da ɗayan da na dunƙule. Bai ɓata rai ba. Ya yi ajiyar zuciya, irin ta mutumin da aka sa shi maimaita aikin da ya riga ya gama.

"Kin taɓa mini kifi," ya ce. "Ba haka nake naɗe hankicin ba."

Hannuna na hagu na lalube a jikin ƙofa, yana komawa kan guntun ƙarfen nan.

"Na ɗauka ke za ki fi ta hankali, Zati. Ita ma a wajen nan ta cire nata zoben."

Muka iso inda hanya ta rabu biyu. Motocin gabanmu, ɗaya bayan ɗaya, suna karyawa dama, wajen rumfa, wajen Mak. Ta hagu jar ƙasa ce, ta gangara cikin ciyayi zuwa gindin dutsen.

Ya taɓa maɓallin. Na ji ƙas a gefen kafaɗata, kunnen hagu ya miƙe.